Karatun Kiɗa a Jami'a: Yadda Na Yi Shi da Abin da Ya Bar Mini

Mutane da yawa a wajenmu ba su san ana yin digiri a kan kiɗa ba. In na ce abin da na karanta ke nan, wasu su ɗauka wasa nake yi, wasu kuma su zaci shekara huɗu muka yi muna buga ganga muna rawa. Karatu ne sosai, mai cin lokaci da haƙuri, wanda sha'awa kaɗai ba ta kai mutum ƙarshensa. Ba kuma sabon abu ba ne a Najeriya. Tun 1961 Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen koyar da kiɗa, daga baya Ife da Legas da wasu kwalejojin ilimi suka biyo sahu. Yawancin waɗannan makarantu a Kudu suke, shi ya sa ni ma sai da na bar gida na yi nisa.

Gidanmu ba gidan makaɗa ba ne, kuma kowa ya san a ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce. Da maganar ta fito, kawuna bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce, "Kai ɗan nan, duk karatun duniya ka rasa sai roƙo?" Baba ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya kira ni ya ce, "In dai ilimi ne, je ka. Ka riƙe sallarka, kuma ka dawo da abin da za ka nuna." Da wannan izini na tafi.

Karatun ya kasu gida uku: ƙa'idojin kiɗa, tarihinsa, da kuma yin kiɗan a aikace. Ƙa'idojin ne suka fara tarbata. Galibin 'yan ajinmu a ƙungiyar mawaƙan coci suka tashi, tun suna yara suke karanta do re mi fa so la ti. Ni kunne kawai na zo da shi. Sai da na fara daga tushe: layuka biyar da ake ɗora alamun sauti a kansu da tsakaninsu, alamar da ke nuna tsawon kowane sauti, alamar shiru, da yadda ake yanka kiɗa gida-gida bisa adadin bugu. Fiyano ne malamin kowa a wannan mataki, domin a kansa komai a fili yake. Madannansa 88 ne, 52 farare, 36 baƙaƙe, kuma daga do zuwa do ta sama an raba tazarar kashi 12 daidai wa daida. A kan waɗannan kashi 12 aka gina duk abin da aka koya mana a shekarar farko.

Darasin da ya fi wahalar da kowa shi ne horar da kunne. Malama takan zauna a fiyano, mu kuma mu juya mata baya yadda ba za mu ga yatsunta ba. Ta buga sauti biyu, ta ce a rubuta tazarar da ke tsakaninsu. Ta buga wani ɗan gajeren kari, ta yi shiru, ta sake bugawa, ta ce a sa shi a takarda da tsawonsa da hawansa da saukarsa. Ajin yakan yi tsit, sai ƙarar fensir da ta abin gogewa. A farkon zango takardata kusan fara take komawa. Babu wata dabara a nan sai naci, irin nacin almajiri da allonsa: kullum da asuba in shiga ɗakin gwaji kafin a yi layi, in buga sauti, in rera shi, in rufe ido in nemo shi. A hankali kunnen ya buɗe. Har yau in na ji tallar mai kunu ko hon ɗin mota, ina jin ko wane sauti ne ba tare da na nema ba. A duk abin da jami'a ta ba ni, wannan ne na fi amfani da shi.

Daga nan aka shiga haɗa muryoyi huɗu, biyu na mata biyu na maza, daga mafi siranta zuwa mafi kauri. Akan ba ka kari guda, kai kuma ka rubuta wa sauran muryoyin uku hanyar da za su bi. Dokokin suna da yawa: kada murya kaza ta tsallake kaza, kada muryoyi biyu su yi tafiya tare da tazarar biyar a tsakaninsu, sautin ti kuma yakan nemi hawa zuwa do. Malami ya karɓi takardarka ya cika ta da jan biro. Na ji daɗin wannan darasi, domin yana koya wa mutum tunanin abu huɗu a lokaci guda. Amma ina da ƙorafi a kan yadda aka gabatar mana da shi, kamar dokar kiɗan duniya baki ɗaya. Alhali nahawun wani wuri ne da wani zamani, an tsamo shi ne daga waƙoƙin cocin Jamus irin waɗanda wani shahararren mai tsara kiɗa, Bach, ya tsara a ƙarni na 18. Waƙar Hausa ba ta wannan hanya take bi ba. Jagora ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa da murya ɗaya, kuma arzikinta yana cikin magana da bugu, ba cikin jera muryoyi bisa juna ba.

Tarihi kuwa da Turai aka fara, kuma ita ta cinye mafi yawan lokacin. Mun haddace zamunna: na Barok daga wajen 1600 zuwa 1750, shekarar da Bach ya rasu, sai zamanin Haydn da Mozart, sai Beethoven da ya rasu a 1827 bayan ya daɗe yana rubuta kiɗan da kunnensa ba ya ji. An koya mana cewa asalin do re mi yana komawa ga wani malamin coci a Italiya, Guido na Arezzo, a ƙarni na 11. Jarrabawar ta sauraro ce: a kunna maka guntun kiɗa, ka faɗi zamaninsa da dalilinka. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗan abin da aka taɓo a gurguje game da malaman Musulunci. Al-Farabi, wanda ya rasu a wajen 950, ya rubuta babban littafi a kan ilimin sauti da kayan kiɗa. Ziryab ya bar Bagadaza ya zauna a Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus a ƙarni na 9 yana koyar da kiɗa da waƙa. Udu, wato molon Larabawa, shi ne kakan molon da Turawa suka yi ta kaɗawa ɗaruruwan shekaru. Wannan na kai wa kawuna da na je hutu. Bai sauya ra'ayi ba, amma ya saurara har ƙarshe.

A darasin kiɗan Afirka mun karanta mutanen da suka share hanya: Fela Sowande, wanda ya ɗauki karin waƙoƙin Yarbawa ya tsara su ga kayan kiɗan Turawa, Akin Euba da ya nemi ya sa fiyano ya yi aikin ganga, da Kwabena Nketia na Jami'ar Gana wanda ya rasu a 2019. Misalan duk na dundun ɗin Yarbawa ne da gangunan Ibo da na ƙabilar Ewe ta Gana. Namu ɗan kaɗan ne: a ambaci kakaki da algaita da goge, a wuce. Abin ya dame ni, domin muna da tarihi mai tsawo. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya ƙago a mulkinsa, daga 1463 zuwa 1499, kuma har gobe ana busa shi a ƙofar sarakuna.

A nan ne na fara ganin wani abu da ya zama jigon karatuna. An koya mana tsarin da wasu masana biyu, Hornbostel da Sachs, suka fitar a 1914, wanda ya kasa kayan kiɗa bisa abin da ke ba da amo: mai fata, mai tsirkiya, na busa, da wanda jikinsa ne ke amo, irin ƙwarya da shantu. Tsari ne mai kyau. Sai dai a wajensa kalangu da kotso da tambari da dundufa duk 'yan gida ɗaya ne. Bahaushe kuwa ba zai haɗa su ba. Shi abin da yake tambaya shi ne: kiɗan wa ne? Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da taron biki. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma ta manoma ce. Garaya ta maharba ce da 'yan bori. Kotso da taushi na fada ne, tambari kuwa ba a buga wa kowa sai sarki. Wannan ma tsari ne cikakke, mai doka da iyaka, ba a dai rubuta shi a manhajar jami'a ba.

A ɓangaren aiki kowa sai ya zaɓi kayan kiɗa guda da zai ƙware a kai, ban da fiyano da rera waƙa cikin ƙungiya waɗanda dole ne. Na zaɓi gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Ba shi da alamar inda za ka ɗora yatsa, kunne ne jagora, kuma watannin farko amonsa ba ya sauraruwa. Malamina dattijo ne mai ƙarancin magana. In na zo da gudu sai ya ɗora hannu a kan takardar ya ce in koma gida biyun da ke ba ni wuya, in yi su a hankali da na'urar ƙirga bugu, har sai hannu ya daina shakka, sannan in ƙara sauri kaɗan. Ƙarshen kowane zango kuma ka tsaya kai kaɗai gaban malamai suna rubutu, tafin hannunka yana gumi. Na gane cewa abin da ka iya rabi-rabi a ɗaki, a gaban mutane zubewa yake yi gaba ɗaya. A kiɗan taro kuma na gane cewa wanda ke jin kansa kaɗai shi ne ke ɓata wa kowa.

Da aka zo aikin binciken shekarar ƙarshe, na dawo gida na nemi wani tsohon mai goge a wani ƙauye kusa da garinmu. Na je da goro na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya dube ni ya ce, "To ɗan makaranta, zauna ka ji." Gogensa rabin ƙwarya ne da aka rufe da fatar guza, tsirkiyar izgar doki ce, haka ma ta bakan. Kafin ya fara yakan ajiye shi a rana fatar ta ɗaure, ya shafa ƙaro a izgar, ya ja sau biyu ko uku yana karkata kai, ya gyara ɗan itacen da tsirkiyar ta hau. Ba ya danne tsirkiyar har ta taɓa sanda yadda nake yi da nawa, gefen yatsu kawai yake ɗora mata.

Na naɗi kiɗansa na zauna rubuta shi a kan layukan nan biyar. Sautukan da yake yawo a kansu biyar ne, wannan bai ba ni wuya ba. Matsalar ita ce ɗaya daga cikinsu ba ya kan kowane madanni na fiyano, tsakanin biyu yake faɗawa. Na auna shi a kwamfuta, na sake aunawa a wani take daban, na same shi a wuri guda. Ke nan ba kuskuren hannu ba ne, nan ne gidansa. Sai na riƙa sa ƙaramar kibiya a kan alamar don nuna cewa ya ɗan sauka. Haka kuma akwai jan da yake yi daga wani sauti zuwa wani, wanda rubutun ba shi da alamar da ta dace da shi. Na tambaye shi, "Baba, me ya sa kake zamewa a nan?" Ya ce, "Ai magana ce. Faɗi kirarin da bakinka ka ji." Na faɗa, sai na ji muryata ta faɗo a daidai gaɓar da gogen yake zamewa. Karin sautin harshen ne yake bi. Da na jera kalmomin a ƙarƙashin alamun, sai wani abin ya ƙara fitowa: gaɓa mai nauyi yawanci tana ɗaukar ninkin lokacin mara nauyi, irin ma'aunin da ke cikin rubutacciyar waƙa. Mutumin nan bai taɓa shiga aji ba, amma ya san taken kowane gida da yake yi wa kiɗa, ya san inda zai tsaya ya ba 'yan amshi, ya san abin da ba a yi. Ƙa'idojinsa a hannunsa suke. Ni kuma in ba don horon da malamar nan ta yi wa kunnena ba, da na ji daɗin kiɗan kawai na tashi, ban gane abin da ke gudana ba.

Yanzu ina koyarwa, ina kuma aiki a ɗakin naɗar waƙa. Yawancin waƙoƙin da ake kawo mana a fiyanon lantarki ake haɗa kiɗansu, sannan a bi murya da manhajar da ke jan kowane sauti zuwa ɗaya daga cikin kashi 12 ɗin nan. In aka bi goge da ita, sautin nan na tsakani yakan ɓace, zamewar ta zama tsalle, wani lokaci har kalma ta sauya kama a bakin mawaƙi. Don haka in mai goge ya shigo, nakan kashe manhajar a layinsa, in naɗe shi shi kaɗai tukuna. Irin fiyanon da ake ƙera wa kasuwar ƙasashen Larabawa, na Korg da Yamaha, suna da wurin da za ka sauke sauti guda ƙasa kaɗan ba tare da ka taɓa sauran ba. Da shi nake daidaita fiyanon ya bi gogen, sannan a ɗora kalangu, murya ta zo daga ƙarshe.