Alhamis 22 ga Mayu 2025, zancen sabuwar RAV4

Yau dai zancen mota ne ya cinye min wuni. Ƙanena da ke aiki Abuja ya turo min bidiyo ta WhatsApp tun kafin in karya, wai jiya kamfanin Toyota sunka nuna sabuwar RAV4 a Japan, wadda za a kira ƙirar 2026, zubi na shida ke nan tun da sunka fara yin ta a 1994. Ƙasan bidiyon ya rubuta "Yaya ga motarka ta hito". Ya san na daɗe ina sa ido kan wagga mota, ba wai don zan je in biya in ɓare leda ba, ina! Dalili shi ne duk sanda sabuwa ta fito ta bayanta takan ɗan sauko a kasuwar gwanjo ta Amurka, kuma abin da sunka ƙera yau shi za mu gani Kwatano da filayen dillalan Birnin Kebbi nan da shekara bakwai ko goma, ko muna so ko ba mu so.

Motar kam ta yi kyau, ta fi ta da tsayuwa, gabanta a miƙe. Amma ba kyan ne ya tsaya min a rai ba. Sun ce a Amurka ba sauran RAV4 mai fetur zalla, duka haibirid ce, wato inji 2.5 mai silinda huɗu haɗe da batir da motocin lantarki (injinan da ke juyawa da wutar batir), ƙarfin doki 226 in tayun gaba kaɗai ke ja, 236 in duka huɗu ne, sai kuma wadda ake jonawa a caji mai ƙarfi wajen 320. Kuɗinta ba su faɗa ba tukuna, sun ce sai an kusa fara saidawa wajen ƙarshen shekara. Camry ma haka sunka yi mata a ƙirar 2025, Sienna kuwa tun 2021 sunka cire mata injin V6 mai silinda shida ta koma haibirid. Ke nan motocin gida guda uku da mutanenmu sunka fi aminta da su duk sun bi hanya ɗaya.

Wajen ƙarfe goma na kai Sienna ta gareji, ƙirar 2006 ce mai inji 3.3, kwana biyu in na kunna AC cikin gari allurar zafi na ɗan hawa, ga Babbar Sallah ta matso kuma da ita za mu Yauri da iyali. Zafin bana ma bai gama sakin mu ba, hadari ya haɗu ya watse, iska ta kwaso ƙura. Na zauna kan benci ƙarƙashin dogon yaro Oga makanikena na buɗe lagireto, sai na miƙa mai wayar na ce ya gani. Ya goge hannu ya kalla har ƙarshe sannan ya ce "Alhaji wagga ba tamu ba ce. In ta mutu maka tsakanin Koko da Yauri wa zai taɓa ta? Ni dai ba ni sa hannu ga waya mai ruwan lemu, wuta ce ta kashe mutum."

Gaskiyarsa a nan, waɗancan wayoyin masu launin lemu wutar da ke bin su ta kai ɗaruruwan bolt, ba irin batirin 12 da munka saba ba. Amma na ce mai Oga tsaya mu lissafa abin da ke kawo ni wurinka. Kik, altaneta, bel, giya in ta fara fizga. To haibirid ta Toyota ba ta da kik irin namu, ba ta da altaneta, motar lantarkin ce ke tada inji kuma ita ke cajin batir, kwamfuresar AC ma da lantarki take juyawa shi ya sa ko injin ya tsaya a danja sanyi bai yankewa. Giyarta da ake ce ma eCVT ba irin CVT mai bel ba ce da ta ba mutane wuya a wasu motoci, haƙoran ƙarfe ne kawai ke raba ƙarfi tsakanin inji da lantarki. Birki ma ya fi daɗewa don in ka ɗaga ƙafa motar lantarkin ce ke fara rage gudu tana maida wutar cikin batir. Kuma ba jiya sunka fara ba, Prius tun 1997 take kan titi. Ya yi shiru, can ya ce "to batirin hwa?"

Nan ne gizo ke saƙar, kuma ni ma nan hankalina ya fi tsayawa. Batirin RAV4 haibirid ƙarƙashin kujerar baya yake, da 'yar fanka da ke jawo iska daga cikin mota tana sanyaya shi, bakin iskar akwai 'yar raga mai tace ƙura. Yanzu a kawo wannan garin namu, watan huɗu zafi ya wuce 40, hunturu ya zo da ƙurarsa, yara su zubar da ɓawon gyaɗa da ledar alawa a baya, ba wanda ya san akwai ragar da za a cire a kakkaɓe, batir ya yi ta dahuwa har ya gaji. Garantin da Toyota ke bayarwa kan batirin a Amurka tun daga ƙirar 2020 shekara 10 ne ko mil 150,000, ka ga daidai lokacin da garanti ke ƙarewa can shi ne lokacin da motar ke sauka hannunmu. Banda cewa da yawan waɗanda ake kawowa masu hatsari ne ko waɗanda ambaliya ta ci aka yi musu kwalliya, kuma ruwa da wayoyin lantarki ba su shiri.

Duk da haka in za a ba ni zaɓi tsakanin haibirid marar turbo da ƙaramin inji mai turbo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi, wallahi haibirid zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Highlander tun 2023 sunka cire mata V6 sunka sa 2.4 turbo. Turbo na son baƙin mai nagari a canza kan lokaci, yana son fetur mai tsabta, mu kuwa wani lokaci kan hanya dole ka sha wurin 'yan bumburutu, kuma ba mu manta gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ba da ya lalata motocin mutane. Ko injin 2.5 ɗin ma ba a yi mai riƙon sakainar kashi, baƙin man da kamfani ya rubuta 0W-16 ne mai ruwa-ruwa, nan kuwa kowace mota 20W-50 ake ɗura mata don wai shi ke jure zafi. Wannan ɗabi'ar da ta cire tamostat mai daidaita zafin inji a haɗa fanka kai tsaye, su ne za su kashe sababbin injinan nan kafin batir ma ya yi laifi. Na faɗa ma Oga haka a gabansa don ba ni son in faɗa bayan idonsa, bai ji haushi ba, ya ce haka ya tarar ana yi tun zamanin Fijo 504.

Tawa dai ba wani babban abu ba ne alhamdu lillahi, lagireto ne ya toshe, anka wanke. Sai dai ya ce bel ɗin taimin ya kusa, in canza kafin tafiya. Injin 3.3 bel gare shi, sai daga 2007 da sunka sa 3.5 ne ya koma sarƙa.

Bayan azahar na biya wurin wani abokina dillalin mota, ya fi shekara goma yana ɗauko motoci. Shi ko kallon bidiyon bai gama ba ya jawo kalkuleta. Ya ce ta yanzu ma haibirid ɗin mafi araha a Amurka ta ɗan haura dala dubu 30, sabuwar ba za ta gaza haka ba, dala kuwa ta wuce naira 1,500, ka ga an doshi miliyan 50 ke nan ba kuɗin jirgi ba kwastan ba ribar kowa. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dalar banki ba ta kai 500 ba. Ya ce yanzu masu zuwa filinsa sun fi tambayar wadda anka hau a Najeriya, Beljiyam, wato gwanjon da anka ɗauko daga waje, ta fi ƙarfin ma'aikaci, ga shi tun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, a doka sai ta tashar ruwa. Na tambaye shi haibirid fa, ana nema? Ya ce 'yan Abuja da Kano sun fara, nan kuwa mutum na ganin tambarin a baya sai ya ja da baya, har rage mata kuɗi ake don a rabu da ita.

Abin nan ya dame ni, don mu munka fi kowa buƙatarta. Kafin a cire tallafi ran 29 ga Mayu 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, yau ta haura 800. Sienna ta da V6 in na cika tanki sai na ji a jikina. Sabuwar Sienna haibirid kuwa a lissafin hukumar Amurka mil 36 take yi da galan ɗaya, tawa ko 20 da ƙyar. Kusan rabin kuɗin mai ke nan duk wata, a gidan da ake kai yara makaranta safe da rana.

Da na dawo gida na nuna ma uwargida. Ba ta tambayi inji ko doki ba, cewa ta yi "Malam kujera nawa?" Na ce biyar. Ta ce "to su Hajiya a ina za su zauna ran Sallah?" Shi ke nan ta gama da RAV4, kuma ta yi gaskiya, gidanmu in za a fita ba mu taɓa zama biyar ba. Motar da ta dace da mu Sienna ce mai ɗaukar bakwai ko takwas da ƙofar ja wadda tsohuwa za ta shiga ba wahala, matsalarta ɗaya cikinta ƙasa-ƙasa yake, da damina in hanya ta lalace sai ka yi ta lallaɓa ta. To in Sienna munka nufa nan gaba, ta 2021 zuwa sama haibirid za mu tarar.

Shi ya sa bayan magariba na kira yayana kan ɗansa da ke koyon rewaya, yaron na da kai kuma ya iya karanta sikana, na'urar da ke nuna laifin mota. Na ce Yaya mu haɗa hannu bayan Sallah a tura shi Kano ko Kaduna wurin masu gyaran haibirid ya yi ko wata shida, ya koyi buɗe batir da gwada sel ɗaya bayan ɗaya da yadda ake kashe wutar kafin a taɓa, ni zan ɗauki kuɗin abinci da masauki. Ya ce zai yi shawara da mahaifiyar yaron, in kira shi ran Asabar. Gobe in Allah ya kai mu kafin masallaci zan je in tambayi kuɗin bel da wata famfo, wato famfon ruwan inji, Oga ya ce gara a canza su tare tunda buɗewa ɗaya ce.