Asabar ɗin da muka saurari motar Abba

Asabar, bayan sallar isha'i.

Sau uku na wanke hannuna, amma har yanzu warin man giya bai fita ba. Wunin yau kaf a gareji na yi shi, kusa da MG ɗin da Abba ya bari, Allah ya jiƙansa. MGB ce ƙirar 1969, mai kujera biyu, daga masana'antarsu ta Abingdon a Ingila. Sitiyarinta a dama yake, domin lokacin da ta shigo Najeriya ba a koma tuƙi ta hannun dama ba tukuna, sai a 1972 aka yi wannan canjin.

Wata biyu ke nan tana yi mini abu ɗaya. In na saki totur sannan na sake takawa, sai ta yi kamar numfashinta ya ɗauke, ta ɗan nutse, sannan ta fizga, sai in ji "ƙwas" daga baya, kamar an buga guduma a ƙarƙashin kujera. Na riga na yanke wa kaina hukunci cewa aksul ɗin baya, wato abin da ke raba wa tayoyin baya ƙarfin inji, ya tashi aiki, kuma tunanin inda zan samo wani ya hana ni barci ba sau ɗaya ba.

Da hantsi na kai ta wurin tsohon makaniken Abba, wanda muke kira Baba tun muna yara. Rabin rayuwarsa a kan Peugeot 504 ya yi ta, ita ma da ƙafar baya take ja, don haka aksul da farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa aksul, ba baƙinsa ba ne. Na fara zayyana masa abin da nake zato, sai ya ɗaga hannu.

"Ɗana, bari ta faɗa da bakinta. Ɗauko makulli."

Muka hau hanyar Mando a nan Kaduna, hazo ya rufe gari. Ya sa na taka, na saki, na sake takawa, ya fi sau goma. Ya sa na kai ta gudun kilomita 70 na riƙe, sannan na zare giya ta gangara da kanta. Ya sa na karkata dama da hagu a inda babu kowa. Duk wannan bai ce uffan ba, kansa a sunkuye. Da muka juyo ya ce ciwo biyu ne, ba ɗaya ba. Da haƙoran babban giyan aksul ne suka ci, da mun ji kuka mai tsawo wanda ke canza murya tsakanin takawa da saki. Da boris ɗin taya ne, da gurnanin ya ƙaru in an karkata gefe guda. Babu ko ɗaya. Abin da ke akwai shi ne inji yana tuntuɓe, in ya farfaɗo sai ya fizgi farfela da ƙarfi, wani sako-sako da ke baya kuma ya amsa da bugu. Na gaba ne ke tsokano na baya.

Da inji muka fara. Kafireta biyu gare ta, ƙirar SU, masu kai kamar ƙaramar tukunya a kife, ta gaba tana ciyar da silinda ta 1 da ta 2, ta baya kuma ta 3 da ta 4. Hannuna ya kai kan notin daidaita mai, Baba ya ce kada in taɓa. A wurinsa kafireta ita ce ta ƙarshe, sai wuta ta tabbata. Ya duba kwantak, ya duba taimin, sannan ya kwance fulogi huɗun ya jera su bisa tsari a kan tsumma. Biyun gaba sun yi baƙi ƙirin da kunkunniya, biyun baya sun yi fari fat. Wato gaba mai ya yi mata yawa, baya kuma yunwa take ji. Wani a can baya ya ji motar ba ta daidai, ya buɗe wa ta gaba mai don ya rufe laifin ta baya.

Wannan kafiretar tana burge ni, domin dabararta ba ta da yawa. A cikin tukunyar akwai fistin da ke hawa da sauka gwargwadon iskar da inji ke zuƙa, a ƙasansa kuma allura ce mai tsini da ke shiga ramin da mai ke fitowa. Fistin ya hau, allura ta ja sama, rami ya buɗe, mai ya ƙaru. A saman tukunyar akwai murfi mai ɗan sanda da ke nutsewa cikin mai, aikinsa ya hana fistin zabura sama lokacin da aka taka totur farat ɗaya. Wannan ɗan jinkirin shi ke sa inji ya sami isasshen mai a daidai lokacin da ya fi buƙata. Da Baba ya kwance murfin ta baya, a bushe take ƙarƙaf. Ga tuntuɓen nan.

Bai tsaya nan ba. Ya cire matatar iska, ya ɗaga kowane fistin da yatsa ya saki. Na gaba ya faɗo da ɗan ƙara mai daɗi, "tik". Na baya ya tsaya a rabin hanya, ƙurar hunturu ta haɗu da datti ta yi masa danƙo. Yaron shago ya miƙo takardar yashi, Baba ya ƙi karɓa, ya ce tazarar da ke tsakanin fistin da tukunya ita ce ran kafiretar, in aka kankare ta an gama. Da fetur da tsumma mai laushi kawai ya goge. Ya kuma ware kayan kowacce daban, don ba a musanya musu tukwane. Da muka tayar da inji, ya ɗan fesa mai a gindin sandar totur ta baya, sai muryar injin ta canza. Sandar ta ci, tana satar iska ta gefe. Wannan sai an sa sabon bushi, yau dai mun lallaɓa.

Daidaita kafiretocin biyu shi ne abin da ba zan manta ba. Ya kwance abin da ya haɗa su, ya ɗauki guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin kafireta, yana sauraron shuuu ɗin iska, ya koma ɗayar, yana murɗa sukurun silo kaɗan-kaɗan har muryoyin suka zama ɗaya. Sannan ya ɗan ɗaga fistin, abin da bai kai milimita ɗaya ba. In gudun inji ya hau ya zauna a sama, mai ya yi yawa. In ya faɗi kamar zai mutu, mai ya yi kaɗan. In ya ɗan ɗaga ya dawo, an dace. Ya miƙo mini tiyon ya ce in ji. Na ji. Na tuna Abba a tsakar gida da irin wannan tiyon a kunne, ina tsaye ina riƙe masa sufana, sai na kasa magana na ɗan lokaci.

Bayan azahar muka ɗora ta a kan jak da ƙafafun ƙarfe. Baba ya bi mahaɗan farfela ɗaya bayan ɗaya, babu motsi. Ya duba notocin da suka ɗaure aksul da sifirin, a ɗaure suke. Ya ja birkin hannu, ya kama farfela ya juya ta gaba da baya, sai ga "ƙwas" ɗin nan a hannunsa, daga cikin tulun aksul. Muka tsiyaye man. Bai kai yadda ya kamata ba, domin ɗan bututun shaƙar iska da ke saman aksul ya toshe da ƙasa, zafi ya riƙa turo mai waje. A cikin man akwai ƙyalli launin tagulla, amma babu ɓarɓashin ƙarfe.

Da aka buɗe murfin baya, haƙoran babban giyan sumul suke, duka 43 ɗin, na ƙirga da kaina. Sako-sakon yana cikin ƙananan giyoyi huɗu na tsakiya, waɗanda ke ba tayar waje damar ta fi ta ciki gudu a kwana. Bayan kowanne akwai washa, biyu na tagulla masu ɗan zurfi, biyu shimfiɗaɗɗu. Sun siɗe, ɗaya ma kusan babu ita. Baba ya ce ana canza su aksul yana jikin mota, a zare sandar taya ɗaya kaɗan, a fitar da fil ɗin tsakiya, shi ke nan. Ya gargaɗe ni kada in bar kowa ya ƙara ɗaure babban notin da ke bakin aksul wai don ya kashe ƙarar, hakan boris zai kashe.

Muka rufe, muka zuba sabon mai lamba 90, muka buɗe bututun iskar. Na leƙa kasuwar Panteka kafin magariba ban sami washar ba, sai dai in yi odarsu daga Ingila tare da bushin kafireta. A hanyar gida na saki totur a gangaren Kawo na sake takawa. Ta amsa nan take, babu nutsewa, bugun bayan kuma ya koma ɗan "tak" da sai na kasa kunne nake ji. Guntun tiyon yana aljihun ƙofar mota, Baba ya ce in riƙe.