Tarihin Rayuwar Saniyar Tatsa, Kashi na Biyar: Daga Haihuwa Zuwa Sabon Ciki

A makon jiya mun tsaya inda karsanarmu ta cika wata tara, hantsarta ta kumbura, gindin wutsiya ya saki. Yau za ta haihu, kuma daga yau lissafi ya fara. Cikin saniya kwana 280 ne ko ɗan sama da haka. Shekara kuwa kwana 365 ce. Ke nan mai son maraƙi duk shekara kwana 85 kacal gare shi ya ga ta sake ɗauka. A rugage da yawa Bunaji takan kai shekara ɗaya da rabi, har biyu, tsakanin haihuwa da haihuwa, sai a ce halinta ne. Ba halinta ba ne, yawanci yunwa ce.

Idan naƙuda ta kankama, ƙafafun gaba biyu ne ke fara leƙowa, kofato na kallon ƙasa, hanci a kansu. In faya ta fashe aka yi awa biyu ba ci gaba, ko aka ga kofato na kallon sama, ko ƙafa ɗaya kawai, a wanke hannu da sabulu a duba, ko a kira malamin dabbobi. Kada a tara ƙarti su ja da igiya. Mutum biyu sun isa, su ja lokacin da take yunƙuri, su saki in ta huta. Wahalar haihuwa ta fi faruwa ga karsanar da aka ba bijimin da ya fi ƙarfinta, musamman irin Friesian, manyan shanun madara na Turai.

Maraƙi na faɗowa a share masa hanci, a tsoma cibiyarsa a aidin. Ya sha dakashi, wato nonon farko, cikin awa biyu na farko, kuma kafin awa shida ya samu kamar lita biyu in nauyinsa kilo 20 zuwa 25 ne. Bayan kwana ɗaya hanjinsa ba ya iya ɗaukar kariyar da ke cikin dakashin, ko da ya sha ya ƙoshi.

Sai mabiyiya. Ya kamata ta faɗo kafin awa 12. In ta maƙale, abin da mutane suka saba shi ne a ɗaura mata dutse ko a zura hannu a fizge. Duka biyun ɓarna ce: mahaifa kan yage, ƙwayoyin cuta su shiga, saniyar ta yi watanni ba ta ɗauka. A datse abin da ke reto daidai gwiwar baya don kada ta taka, a riƙa auna zafin jikinta safe da yamma. Na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39. In ya wuce 39.5, ko ta bar cin abinci, ko ruwan da ke fita ya yi wari, magana ta koma ta likita. Ruwa mai ja-ja marar wari har sati biyu ko uku ba komai ba ne, wankin mahaifa ne. Amma in shanu suna yawan ɓari a wata na bakwai, mabiyiya na ta maƙalewa, a gwada jini saboda bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari. Tana kama mutum ta ɗanyar madara da taɓa ɓari, don haka a sa safar hannu, a binne abin da ya fito, a tafasa madara.

Manyan shanu masu yawan madara, galibi 'yan haɗi da suka yi haihuwa uku ko fiye, wani lokaci sukan kwanta cikin kwana uku na farko su kasa tashi, kunnuwa sun yi sanyi, wuya ya lanƙwashe zuwa haƙarƙari. Sinadarin kalsiyam ne ya faɗi a jini. Allurarsa ta jijiya ce, a hankali, kuma aikin likita ne, don saurin ba da ita na iya tsayar da zuciya. Kada a ɗura wa irin wannan saniya komai ta baki, maƙogwaronta ba ya haɗiya da kyau.

Yanzu ga inda ake asarar shekara. Madara na kaiwa ƙololuwa a sati na huɗu zuwa na takwas, alhali cin abincinta bai gama dawowa ba. Sai ta riƙa narka kitsen jikinta tana zubawa a ƙwarya. Saniyar da ake ƙirga haƙarƙarinta daga nesa ba za ta nemi barbara ba, ko bijimi goma ke garken. A ba ta harawar wake ko ta gyaɗa ta ci ta ƙoshi, sannan haɗin dusa da ƙulin auduga, kilo ɗaya kan kowace lita biyu zuwa biyu da rabi da take bayarwa. A ƙara shi kaɗan-kaɗan, kamar rabin kilo a rana, don tula mata dusa lokaci ɗaya na tsamar da tumbi. Gishirin lasa ya zauna a gabanta, ruwa kuma kada ya yanke. A zafin bazara mai shayarwa na iya shan lita 60 ko fiye. Maraƙin ma a taƙaita masa: ya sha safe da yamma lokacin tatsa, a raba su. Shan nono dare da rana na jinkirta dawowar sha'awar barbara, musamman ga shanunmu masu tozo.

Mahaifa na bukatar kamar kwana 45 ta koma daidai, don haka a bar ta har kwana 45 zuwa 60. Daga nan a sa ido. Sha'awa na zagayowa duk kwana 21, wani lokaci 18, wani lokaci 24. Za a ga tana kuka, madara ta ragu, farin ruwa mai yauƙi na zuba, amma alamar da ba ta ƙarya ita ce ta tsaya cak wata ta hau ta. A Bunaji da Bokolo abin gajere ne, kuma ya fi zuwa da dare, shi ya sa sai an duba da asuba da kuma bayan magariba, minti 20 kowane lokaci. In ɗura maniyyi za a yi, wadda aka gani da safe a yi mata da yamma, ta yamma kuma washegari da safe. Ɗan jini a wutsiya na nufin an makara da kwana biyu. A rubuta ranar, a fara jira daga kwana 18.

In kwana 21 ya wuce ba ta sake nema ba, akwai fata, amma tabbaci sai likita ya duba a kwana 45 zuwa 60 bayan barbara. Mako mai zuwa za mu shiga wurin tatsa, mu ga yadda ciwon hantsa ke farawa daga hannun mai tatsar.