Littafin Kakar 1908: Na Kai Watan Oktoba

'Yan'uwa masu koyon rubuta sakamakon wasan bezbol, barkanmu da warhaka. Ga inda aikin kwafar kakar 1908 ya tsaya. National League da American League, manyan lig biyu na bezbol a Amurka, duka na kai su wasan ƙarshe, saura karawar zakarun biyu, Chicago Cubs da Detroit Tigers.

Domin waɗanda suka shigo cikinmu kwanan nan, ga yadda nake yi. Ina ɗauko taƙaitaccen sakamakon kowane wasa, irin wanda jaridun Amurka na wancan zamani suka buga kuma Retrosheet ta tattara a intanet, in zuba shi a littafi da fensir. Shafin dama na wasannin ranar ne, na hagu kuma teburin matsayi, wanda nake gyarawa da hannu bayan kowace rana. Ƙungiya takwas ce a kowace lig, kowace da wasa 154 a jadawali, don haka littafin ya yi kauri. Lambobin 'yan wasa yanzu hannu ya saba da su: mai jifa 1, mai cafewa 2, masu tsaron tasha ta ɗaya da ta biyu da ta uku 3 da 4 da 5, mai tsaron tsakani 6, 'yan bayan fili 7 da 8 da 9. A shafukan Cubs duk inda aka ce an fitar da mutum biyu a bugu ɗaya ta hannun Joe Tinker da Johnny Evers da Frank Chance, 6-4-3 ke nan. Harafin K da muke sa wa wanda mai jifa ya fitar kuwa daga Henry Chadwick muka gaje shi, ɗan jarida haifaffen Ingila, wanda ya rasu a Brooklyn a watan Afrilun wannan shekara ta 1908, ana cikin buɗe kakar.

Abin da ya fi yi mini amfani a wannan zangon shi ne lissafin tazara. A ɗauki bambancin nasarorin ƙungiyoyi biyu, a haɗa da bambancin kashin da suka sha, a raba biyu. Ku gwada da safiyar 23 ga Satumba. New York Giants na da nasara 87 da kashi 50, Cubs 90 da 53, Pittsburgh Pirates 88 da 54. Cubs sun fi Giants nasara uku, sun kuma fi su shan kashi uku, tazara babu ke nan. Pirates na bayansu da wasa ɗaya da rabi. Shawarata ga mai koyo, idonka ya fi zama a layin kashi. Wasan da ba a buga ba tukuna ana iya cinsa, amma kashi kamar ruwan da ya zube a ƙasa ne, ba ya kwasuwa.

A wannan rana ce aka yi wasan da kowa ke tuna kakar da shi, a filin Polo Grounds na New York. Christy Mathewson ke jifa wa Giants, Jack Pfiester wa Cubs. An shiga rabin ƙarshe na turmi na tara, wato zangon ƙarshe na wasan, ana ɗaya da ɗaya, Giants ke bugu. An fitar da mutum biyu, Moose McCormick na tasha ta uku, Fred Merkle na ta ɗaya. Merkle yaro ne ɗan shekara 19, kuma ran nan ne karon farko a kakar da aka fara wasa da shi, saboda Fred Tenney na fama da ciwon baya. Al Bridwell ya buga ƙwallo ta wuce tsakiyar fili, McCormick ya shigo gida, 'yan kallo suka ɓarke cikin fili. Merkle da ya ga haka sai ya juya ya nufi ɗakin canza kaya, bai taka tasha ta biyu ba. Haka 'yan wasa suka saba yi a lokacin, domin tsira daga turmutsutsun jama'a. Evers kuwa ya san doka: idan fita ta uku ta tilas ce, wato an riga mai gudu isa da ƙwallo tashar da dole ya je, makin da aka ci a wannan bugun bai shiga ba. Ya yi ta ihu a miƙo masa ƙwallo, ya samu wata a cikin hayaniyar, ya taka tashar. Shaidu sun sha bamban kan ko ita ce ainihin ƙwallon wasan, domin an ce Joe McGinnity na Giants ya wurga waccan cikin 'yan kallo. Alƙalin wasa Hank O'Day ya ce Merkle ya fita, aka tashi kunnen doki, shugaban lig Harry Pulliam ya tabbatar da hukuncin.

A littafina, a gidan McCormick na zana layin zagayen har gida amma ban cike tsakiyar ba, domin maki bai tabbata ba. A gidan Merkle na sa fita ta tilas a tasha ta biyu, lamba 4 a gefe. Ku lura kuma da shafin 4 ga Satumba a Pittsburgh: Evers ya taɓa kai wa O'Day irin wannan ƙara kan Warren Gill na Pirates, ba ta karɓu ba ran nan, amma alƙalin ya riƙe maganar a ransa.

To, a nan ne rubutun rana-rana ya nuna mini abin da karanta labari kawai ba zai nuna ba, kuma shi ya sa nake roƙonku kada ku tsallake kwanakin da ake ganin ba su da armashi. An ɗora wa Merkle laifin rasa tutar lig, wato zama zakaran lig, har ƙarshen rayuwarsa, kuma ni a ganina an zalunce shi. Kwana ɗaya kafin wasan nasa, Cubs sun doke Giants sau biyu a rana guda a filin Giants. Bayan wasan nasa, kafin a maimaita shi, Giants sun sake shan kashi biyar, uku daga ciki a hannun mutum ɗaya, wani sabon mai jifa da hannun hagu na Philadelphia Phillies mai suna Harry Coveleski, ran 29 ga Satumba da 1 da 3 ga Oktoba. Da sun ci ɗaya tak cikin biyar ɗin nan, da ba a sake waiwayar Merkle ba. Idan kana rubuta sunan Coveleski karo na uku a cikin kwana biyar, da kanka za ka ga inda tutar ta suɓuce. Kocin Giants John McGraw, duk da zafin ransa, bai taɓa ɗora wa yaron laifi ba, kuma Merkle ya ci gaba da wasa shekaru masu yawa.

Su Cubs ba su yi wasa da damarsu ba. Ran 26 ga Satumba Ed Reulbach ya yi jifa a wasa biyu a rana ɗaya da Brooklyn, bai bari an ci ko maki ɗaya ba. Ran 4 ga Oktoba suka doke Pirates 5 da 2, suka kore su daga takarar. Da aka maimaita wasan kunnen dokin ran 8 ga Oktoba, kowace na da 98 da 55. Pfiester ya rikice tun turmin farko, Chance, wanda shi ne kuma kocin Cubs, ya kira Mordecai Brown, mutumin da injin gona ya cinye wa yatsa tun yana yaro a Indiana. A turmi na uku Tinker ya buga wata ta tsallake kan Cy Seymour, mai tsaron bayan filin Giants, Cubs suka kwashi maki huɗu a kan Mathewson, aka tashi 4 da 2. Mathewson ya gama kakar da nasara 37, Brown da 29.

Honus Wagner na Pirates ya cancanci shafi nasa daban, kuma na ware masa. A shekarar da masu jifa suka danne masu bugu, shi ya tashi da matsakaicin bugu .354, bugu mai kyau 201, satar tasha 53, duk shi ne kan gaba a lig ɗin, ga shi kuma mai tsaron tsakani.

A American League, shafin da na fi ƙauna a duk littafin shi ne na 2 ga Oktoba a Cleveland. Addie Joss ya fuskanci masu bugu 27 na Chicago White Sox, ya fitar da 27, babu wanda ya taka tasha ta ɗaya, da jifa 74 kacal. Gefen White Sox a takardar turmi tara ne, kowane gida uku-uku, fes, ba layin zagaye ko ɗaya. Fita ta ƙarshe 5-3. A ɗaya gefen kuma K goma sha biyar ne jere da sunan Ed Walsh, mai jifan White Sox, wanda ya sha kashi ɗaya da nema a ranar da ya yi jifan da ya isa ya ci kowane wasa. Walsh ya ba ni tausayi ƙwarai. Ya yi jifa turmi 464 a kakar, ya ci wasa 40 daga cikin 88 da ƙungiyarsa ta ci, kuma ƙungiyar nan sau uku kawai ta buga ƙwallon da mai bugu ya zagaye har gida a duk shekara, ɗaya ma shi ya buga. Kwana uku kafin wasan Joss, Walsh ya ci Boston sau biyu a rana ɗaya. Sunansa na dawowa a shafuka kusan kowane kwana biyu ko uku, har ka riƙa jin nauyin a kafaɗarka.

Detroit ta doke White Sox 7 da nema ran 6 ga Oktoba ta ɗauki tuta da 90 da 63, Cleveland 90 da 64. Ku yi lissafin da kanku, rabin wasa ne. Akwai wasan Detroit ɗaya da ruwan sama ya hana, ba a kuma rama shi ba, domin dokar lokacin ba ta tilasta ba. A teburina na bar gurbinsa a buɗe. Ty Cobb na Detroit ne ya fi kowa bugu a lig ɗin da .324.

Masu shirin bin wannan kaka su sani, jaridun 1908 ba su kawo matsakaicin makin da ake ci a kan mai jifa ba. Sai 1912 National League ta fara ƙididdige shi a hukumance, American League a 1913. Alƙaluman da kuke gani yau, 1.16 na Joss da 1.42 na Walsh da 1.43 na Mathewson, daga baya masu bincike suka fitar da su. Ni na ware layi a ƙasan kowane shafi ina tara turmin kowane mai jifa, kuma jimillar Walsh ita ce ma'aunin da zan duba littafin da shi kafin in shiga wasanni biyar na Cubs da Tigers. Wanda ya riga ni kwafar wasan 8 ga Oktoba, don Allah ya turo hoton shafinsa mu gwada yadda kowa ya rubuta turmin farko, wurin da Brown ya karɓi Pfiester.