Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Sunan da Ya Rubuta a Takardar Soja

Makon jiya na tsaya ne a inda 'yata ta dawo daga makaranta da aikin gida, wai kowane yaro ya rubuto asalin gidansu. Ɓangarena bai ba mu wahala ba. Waya ɗaya na buga wa Hajiya a Katsina, ta jero min kakanni har bakwai, da wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, da wadda ta yi aure huɗu. Sai ɓangaren maigidana. Muna isa kan kakan mahaifiyarsa zare ya tsinke. Iyakar abin da surukata ta sani, maraya ne ba uwa ba uba, daga Ingila aka kawo shi Kanada yana yaro, kuma har ya rasu a tsaye yake cin abinci, hannu baka hannu ƙwarya, kamar za a ƙwace masa.

Ni da na taso a gidan da ba a ba mutum aure sai an binciki asalinsa, abin ya tsaya min a rai. Da yara sun yi barci sai in buɗe kwamfuta.

Turawa ba su da irin Hajiya, amma wajen adana takarda sai dai a sara musu. Tun 1837 hukuma ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa a Ingila, ga kuma ƙidaya duk shekara goma, gida-gida, da sunan kowa da shekarunsa da sana'arsa. Matsalar, sunan bawan Allahn nan irin na kowa da kowa ne, kamar ka shiga kasuwa kana cigiyar Malam Musa. Mako uku ina bin sawun wani yaro, har na shaƙu da shi, ashe shi wannan tun yana ɗan shekara shida ya mutu.

Ƙidayar Kanada ta 1901 ce ta fitar da ni, don ita tana da gurbin ranar haihuwa da na shekarar da mutum ya shigo ƙasar. Ga shi nan a wata gona a Ontario, ɗan shekara 12, can ƙasan sunayen 'ya'yan mai gonar, an rubuta shi a matsayin yaron gida. Da wannan ranar haihuwar na koma ƙidayar Ingila ta 1891, na same shi a Liverpool, garin da ƙannena ba su san shi da komai ba sai ƙwallo. Ɗan shekara biyu, ubansa ɗan dako a tashar jiragen ruwa.

A nan na fahimci ba shi kaɗai ba ne. Daga 1869 zuwa ƙarshen shekarun 1930, yara sama da 100,000 aka kwaso daga Birtaniya zuwa Kanada, maza a raba su gonaki, mata aikatau. Da yawansu iyayensu na raye, talauci ne ya raba su. Sai a 2010 Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Gordon Brown, ya fito ya nemi gafara.

Na sake duba ƙidayar Ingila ta 1901, gabana na faɗuwa. Uwar na nan da ranta! Mijin ya rasu, ta koma wata unguwa tana wankau.

Abin da ya sa ni hawaye kuwa takardar shigarsa soja ce ta 1916, wadda gidan adana tarihi na Ottawa ya ɗora a intanet. A gurbin wanda za a sanar in an kashe shi, sunan uwar ya bayar, da adireshin gidan nan na 1891, gidan da ta bari tun tuni. Ga sa hannunsa a ƙasa, baƙaƙe manya a karkace.

Washegari da hantsi na kira surukata. Na ce, "Mama, ki samu wuri ki zauna tukuna." Na karanta mata sunan. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, can ta ce ai sunan da ya sa aka raɗa mata ke nan, bai taɓa faɗin dalili ba. Ta ce in zo ranar Asabar, in taho da takardar.

Yadda muka yi ranar Asabar ɗin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.