Ɓangaren baya na babur ɗin ƙanƙara ya daina yawo a kan tirela

Alhamdu lillahi jama'a, abin ya zauna. Daga North Bay zuwa Cochrane a lardin Ontario na Kanada, a kan hanya mai lamba 11, baburan ƙanƙara biyu (masu takalman zamiya a gaba da faffaɗan bel a baya maimakon taya) a kan buɗaɗɗiyar tirela mai tsawon ƙafa 12, kuma babu wanda bayansa ya gusa ko da faɗin yatsa. Kafin tashi na ja layi da alli a jikin katakon daɓen tirela daidai gefen bel, na duba a New Liskeard, na sake dubawa da isa, bel yana kan layinsa. Hunturu biyu ke nan wannan abu ɗaya yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Gaba bai taɓa ba da matsala ba. Sandar da ake giftawa a kan takalman zamiya biyu, a murɗe ta da dogon noti cikin katako, tana yin aikinta muddin an ajiye ta daf da inda ƙafar babur ta haɗu da takalmin. Baya ne fitinanne. Ka ɗaure shi tamau a gida, igiya tana kuka kamar tsirkiya, ka yi tafiyar kilomita 40, ka tsaya ka tarar ƙugiya tana reto a iska, bayan babur ya karkace har bambarsa tana gugar jikin ɗan'uwansa.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan igiya da racet, wato ƙarfen da ake dannawa ya matse ta. Ashe wurin ɗaurin ne. Kusan kowa bambar baya yake fara kamawa, don ita ce a fili, kamar an yi ta ne domin haka. To amma bambar tana jikin gangar babur, gangar kuma zaune take a kan sifirin da shokozoba. Takalman gaba da sandar ta danne ba sa motsi, amma gangar tana hawa tana sauka duk sanda tayar tirela ta faɗa rami ko ta hau irin tudun nan da sanyi ke tayarwa a kwalta. Ku auna da kanku: ku danna kujerar da gwiwa, za ku ga bambar ta sauka santimita 8 zuwa 10 ba tare da wani ƙoƙari ba. In igiyar a miƙe take daga bamba zuwa katako, duk abin da bambar ta sauka, shi ne abin da igiya ta saki. Bakin ƙugiya mai siffar S bai wuce santimita 2 ko 3 ba. Sakin santimita 10 ya ishe ta ta fita ta koma ta sake fita. In kuma ba ta fita ba, sifirin ya dawo da ƙarfi ya fizgi igiyar, kowane fizga yana ƙara jan ɗan zare daga racet, har ta yi laushi.

Dabarar farko da kowa ke ba ka ita ce ka ƙara matsewa har sifirin ya kwanta, irin yadda ake danne hancin babur in an ɗora shi a bayan a-kori-kura. A babur mai taya hakan na yi. A nan kuwa sifirin baya yana da doguwar tafiya, ba za ka iya ƙure shi da igiya ba, abin da zai fara sallamawa shi ne bambar alminiyom. Tawa ta lanƙwashe ƙasa kamar leɓen raƙumi, ta ja wurin da aka ɗaure ta a jikin ganga. Sabuwa da kuɗin kawowa ta tashi kusan dala 200 na Kanada. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don da hannuna na yi, ina ta danna racet ina ganin ƙwarewa ce.

Sai na koma kwantar da igiyar, wato a ja ta baya can nesa maimakon ƙasa kai tsaye. A lissafi tana da ma'ana. Bamba mai tsayin santimita 60, zoben ɗauri na jikin katako a santimita 90 ta baya, tsawon igiya ya zama kamar 108. Bamba ta sauka 10, tsawon da ake bukata ya koma 103, sakin ya ragu zuwa 5. Rabi ke nan, amma rabi bai hana ƙugiya fita ba. Sannan ina filin yake? Babur mai bel inci 137 ya haura mita 3, tirela mai ƙafa 12 kuwa mita 3.6 ce da 'yan kai. Da ka matsar da babur gaba yadda ya kamata, abin da ya rage a baya bai kai hannu biyu ba.

Abin da ya yi aiki shi ne barin gangar kwata-kwata. A cikin bel akwai dogayen ƙarafan zamiya biyu na alminiyom da bel ɗin ke bi a ƙarƙashinsu. Su suna kwance a kan bel, bel yana kwance a kan katako, babu sifirin tsakaninsu da tirela. Gangar ta yi rawarta a sama yadda take so, su ba ruwansu. Na zura gajeren madauki mai laushi ta ramin da ke jikin kowane ƙarfe, ɗan gaba da ƙananan tayoyin ƙarshe na cikin bel, na fito da shi ta gefe, tsakanin saman bel da ƙasansa. Daga nan igiyar racet ta ja baya da waje zuwa zobe. Igiya biyu ga kowane babur, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma a matse su bi da bi, danna biyu nan danna biyu can, in ba haka ba igiyar farko za ta janye bayan zuwa ɓangarenta tun kafin a tashi. Ba a bukatar matsi mai yawa. Da igiya ta daina lotsawa in ka danna ta da babban yatsa, ka bar ta, ƙarfen nan ma yana lanƙwasa in an yi masa ja na gefe fiye da kima. Akwai maɗaurin baya na kamfanin Superclamp da aka ƙera don ya danne wannan ƙarfen kai tsaye, tunaninsu ɗaya ne, wanda yake da shi ya huta da madauki.

Ku lura da hanyar da igiyar ta bi. Kada ta haye saman bel ta ƙarƙashin kujera, lagireton babur yana shimfiɗe a wurin, siririn alminiyom ne. Kada ta kwanta a kan sandar shokozoba ko gefen tayar roba. In bel ɗinku yana da ƙusoshi, tsini ɗaya ya isa ya tsinka igiya cikin awa guda.

Dole jan ya kasance da ɗan komawa baya, saboda birki. Ƙa'idar ɗaurin kaya ta manyan motoci a Kanada da Amurka tana so ɗauri ya jure kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, da kashi 50 ta baya da gefe. Babur cike da mai, da dusar da ta maƙale a cikinsa, ku ɗauka kilo 270. Birkin gaggawa zai tura shi gaba da ƙarfin kilo 216. 'Yar igiyar nan mai faɗin inci 1 da aka rubuta wa fam 500, kilo 227 ke nan, kuma wannan in jan a miƙe yake. Da ta karkata gefe, wani kason ya tafi. Na koma mai inci ɗaya da rabi, fam 1,000, da ƙugiya mai marfi. Ku karanta ƙaramin adadin da ke kan tambarin, na aiki, babban adadin da ake bugawa a jikin kwali na tsinkewa ne, ninki uku ne na wancan. Kuma foliyesta za ku nema, nailan yana miƙewa in ya sha ruwa.

Zoben ma sai da na sake su. Zoben da aka ɗaure da sukurori a filawud kaɗai ado ne. Noti mai kaurin inci 3/8 ya ratsa katako ya ratsa ƙarfen giciye na ƙasa, ko a sa masa faranti ta ƙasa mai faɗin tafin hannu. Guda huɗu na sa, ban yarda baburan biyu su raba zoben tsakiya ba, don in ya fita duka biyun ne suka kwance.

Wani abu da ya ruɗe ni ko bayan wannan gyara: a gwajin farko igiyar hagu ta ɗan saki. Ƙanƙara ce. Dusar da aka taka a kan katako ta daskare ta zama ɓawo mai kaurin yatsa, bel ya zauna a kai, aka ɗaure, girgizar hanya ta farfasa ɓawon, babur ya sauka santimita ɗaya. Yanzu sai na kankare katako da shebur har ya fito fili, kuma na shimfiɗa tabarmar roba mai haƙora a inda bel ke zama. A ɗaga bayan babur a sake shi sau biyu ko uku kafin a hau, dusar cikin bel ta zube a ƙasa. Birkin ajiya kuwa ku sa in kuna so, amma na mai ne, yana iya saki a hankali, ba ya cikin lissafin ɗauri.

Sauran kun san su: nauyin wuyan tirela kashi 10 zuwa 15 na jimla, a nan wajen kilo 80 zuwa 120, sarƙoƙin da ke haɗa tirela da mota a gicciye, fil ɗin da ke hana katakon ɗagawa a kulle, hancin babur yana kallon gaba don iska kada ta ɓalle gilashi. Ƙa'idar can ta ce a sake duba ɗauri cikin kilomita 80 na farko, ni a kilomita 15 nake tsayawa, don duk sakin da zai faru a nan yake nuna kansa.

Wanda ya rage mini yanzu dogon notin sandar gaba ne. Gishirin da ake watsa wa titi yana shiga zarensa, ruwa ya bi ya daskare, da isa Cochrane sai da na zuba masa ruwan zafi daga filas kafin ya yarda ya juya. Na wanke zaren da buroshin waya na shafa masa giris mai hana kamewa, na kuma rufe ƙasan notin da guntun tiyo. Mako mai zuwa za a gani ko tiyon zai hana ruwa shiga ne ko kuwa tara shi zai yi.