Wai kajuwal ba shi da haƙƙi: abin da na gani a ofishin ma'aikata kafin in bar aiki

Ƙarshen watan jiya na ajiye aiki, waɗanda muke tare a Kakuri, Kaduna, sun riga sun ji, wasu har sun kira ni suna cewa haba Malam a wannan marrar da ake ciki wa yake barin albashi. Na gode da kulawa wallahi. Ba zan kama sunan kamfanin ba kuma ba zan kama sunan kowa ba, amma akwai abin da ya tsaya min a maƙogwaro tun ina riƙe da fayil ɗin ma'aikata, tunda yanzu babu mai miƙo min takardar gargaɗi gara in amayar da shi ko wani zai amfana.

Duk wanda aka sallama, in ya zo karɓar takardarsa a wurina tambayarsa ɗaya ce, Malam yanzu gwamnati ba ta da wani abu da take ba mutum kafin ya samu wani aikin? Amsar ita ce babu. Najeriya ba ta da kuɗin rashin aiki irin na wata-wata. A Afirka ta Kudu akwai asusun da ma'aikaci ke zuba kashi 1 na albashinsa, kamfani ma ya zuba kashi 1, ranar da aiki ya ƙare ka je ka nema, mu ba mu da wannan. N-Power ɗin da aka fara a 2016 ma ba shi ba ne, shi tura matasa aiki aka yi ana ba su alawus na wani lokaci. Abin da doka ta tanadar mana ɗan kaɗan ne, hutun rashin lafiya da albashi, diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, sai wani kaso na kuɗin fansho ga wanda ya rasa aiki. Kuma galibi sai sun bi ta teburin wanda ya ɗauke ka aiki, in ya ga dama ya tura takarda in bai ga dama ba ya sa a durowa, lokaci kuma yana ta tafiya kai ba ka sani ba. A nan haƙƙin mutane yake mutuwa, ni na ga haka da idona.

Akwai wani yaro a sashen injina, daga Rigasa yake zuwa kullum, ko shekara bai yi da aure ba. Suna aikin dare injin ya ci masa yatsu uku na hannun dama. Da safe na tarar an kai shi asibiti, ban tsaya komai ba na ciro fom na cike, saboda dokar biyan diyyar ma'aikata, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Disamba 2010, ta ba kamfani kwana 7 ne kacal ya kai rahoton hatsari ga hukumar NSITF mai kula da biyan diyyar, shi kuma ma'aikacin ko wani nasa yana da kwana 14 ya sanar da kamfani. Na ɗauki fom na shiga wurin manaja ya sa hannu. Ko karantawa bai yi ba ya turo min shi.

"Malam, wannan ai kajuwal ne, ɗan wucin gadi, ba ya cikin lissafinmu."

"Ranka ya daɗe, dokar ba ta ware kajuwal ba. Ta ce ma'aikaci shi ne duk wanda aka ɗauka, ko da baki ne ko a rubuce, na dindindin ko na wucin gadi ko mai koyon aiki, har ɗan aikin gida ta ambata."

"To, ka zama lauya ke nan? Bar shi a nan zan duba."

Bai duba ba. Kwana bakwai suka wuce fom yana durowarsa, kullum in na tuna masa sai ya ce yana sane. Ni kuwa na san abin da yake gudu. Kamfani yana da rajista da hukumar, ai dole ya yi, don ba a neman kwangilar gwamnatin tarayya sai da takardar shaidarsu. Kuɗin da ake zubawa kashi 1 ne cikin 100 na jimillar albashin ma'aikata duka, kamfani ne ke biya daga aljihunsa, haramun ne ma a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci da sunan wannan. To jerin sunayen da ake miƙawa na 'yan dindindin ne kawai, su kajuwal da suka fi kowa yawa kuma su ne hannunsu ke cikin injin ba sa ciki. Rahoton yaro ɗaya zai sa a tambayi ina sauran. Saboda kashi ɗaya tak fa, kashi ɗaya, aka zaɓi a bar mutum da dungulmi babu komai.

Abin da ya fi ƙona min rai bai ma zo ba tukuna. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti aka kira shi ofis, aka biya kuɗin magani, aka ba shi ɗan abu a ambulan, sannan aka ajiye masa takarda da Turanci wai ya amince kamfani ya sallame shi ba ya bin kowa komai. Hannun dama na cikin bandeji, da babban yatsan hagu ya dangwala. Ya fito yana ta godiya, yana ce min Yaya a gaya wa oga Allah ya saka da alheri. Wallahi ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Bayan 'yan makonni mahaifinsa ya zo ya same ni a bakin get bayan an tashi. Dattijo ne, tsohon ma'aikacin masaƙa. Duk ɗan Kaduna ya san labarin nan, masaƙar KTL da aka buɗe tun 1957 zamanin Sardauna ta rufe a 2002, UNTL ta biyo baya a 2007, Kakuri da Makera suka cika da magidanta marasa aiki. Shi a ɗaya daga cikin masaƙun ya ƙare ƙuruciyarsa. Ya ce min ɗana, ni ban zo rigima ba, abin da ya samu yaron nan ƙaddara ce mun karɓa, amma ni na san yadda ake cewa mutum je ka dawo har gemunsa ya yi fari, ba na so ɗana ya gaji wannan, ka gaya min tsakaninka da Allah akwai abin da ya rage ko babu. Na ce Baba akwai.

Na zauna da su na yi musu bayani dalla-dalla. Takardar da ya dangwala ba ta da wani ƙarfi, don dokar ta fito ƙarara ta hana kamfani yin yarjejeniya da ma'aikaci a kan ya yafe diyyarsa, ta kuma hana a tsoratar da shi ko a lallashe shi ya fasa kai rahoto. Rashin kai rahoton da kamfani ya yi laifinsa ne, ba na yaron ba. Shi da kansa zai iya zuwa ya shigar da buƙatarsa, kuma yana da shekara 1 daga ranar da abin ya faru, in akwai wani uzuri mai ƙarfi hukumar tana iya karɓa har cikin shekara 3, amma kar wanda ya dogara da wannan, a yi komai cikin shekarar farko. Matsalar ita ce hujja, don kajuwal ba shi da takardar ɗaukar aiki ba shi da komai. Sai muka bi abin da ke hannunsa, katin shiga get, alat ɗin banki na kuɗin da ake tura masa duk ƙarshen wata, katin asibiti mai ɗauke da kwanan wata, rahoton likitan da ya yi masa aiki, da abokan aikinsa biyu da suke wurin a daren suka yarda za su ba da shaida, Allah ya saka musu don su ma aikinsu suka sa a gaba. Ban fitar da takardar kamfani ko ɗaya ba, hanya kawai na nuna. Suka je aka karɓi takardunsu, likitoci suka duba girman nakasar don da ita ake lissafi, wanda ya nakasa gaba ɗaya ba zai sake iya aiki ba kashi 90 na albashinsa ake ba shi duk wata, wanda kuma wani sashe ne ya taɓu ana auna masa gwargwadon abin da ya rasa. Yatsu dai ba za su dawo ba amma yanzu sunansa yana cikin fayil a inda ya kamata, kuma dole ta sa aka shigar da sunayen sauran yaran.

Wasu suna ce min ai yaron ya yafe kai mene ne naka. Bai yafe ba, bai san yana da shi ba ne. Yafiya sai ka san abin da ka bari. Kuma yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana karɓar diyya ba, addininmu ma ai ya san diyyar gaɓoɓi.

Da wasiƙa ta iso daga hukumar, manaja bai tambayi kowa ba, ni ya kira. "Malam, kai muke biya ko su suke biyanka?" Na ce ranka ya daɗe ni abin da doka ta ce na faɗa, kuma tun ranar farko na kawo maka fom. Daga nan aka fara. Takardar gargaɗi wai ba ni da biyayya, aka ɗauke ni daga ofis aka kai ni sito ina ƙirga buhuna, ƙarin girman da aka yi min alkawari aka ba wanda ni na koya masa aiki. Abin da ya fi min ciwo mutanen da muke cin abinci kwano ɗaya sai ga shi in sun hango ni suna canza hanya kar oga ya gan mu tare. Ban ga laifinsu sosai ba kowa da iyali, amma ban manta ba. Shi kuwa manajan har yau yana kan kujerarsa, kuma ranar da na kai takardar ajiye aiki cewa ya yi Allah ya ba da sa'a, ko ɗago kai bai yi ba. Na bar shi da Allah, amma ba zan ce na yafe ba don ban yafe ba.

Sauran abubuwan zan taƙaita. Hutun rashin lafiya, dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa, amma sai da takardar likita mai rajista. Zuwa kemis ko shan sassaƙe a gida ba ya shiga lissafi, na ga mutane da yawa an yanke musu albashi suna kwance da zazzaɓi saboda ba su karɓo 'yar takardar nan ba. Wannan dokar ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis, manya su duba abin da ke cikin takardar ɗaukarsu. Hatsarin hanya ma, in tsakanin gidanka da wurin aiki ne, yana cikin abin da ake biyan diyya a kai, mutane da yawa ba su san wannan ba, mashin ya kayar da mutum a hanyar zuwa aiki sai ya yi ta jinya da kuɗinsa.

Maganar fansho, dokar 2014 ta ce wanda bai kai shekara 50 ba in ya rasa aiki ya yi wata 4 bai samu wani ba, zai iya cire har kashi 25 na abin da ke asusunsa. Za a nemi takardar sallama ko ta amincewa da ajiye aiki, don haka kar ka yi zuciya ka fita get ba ka karɓe ta ba, komai zafin da kake ji. Kuma kashi 25 na abin da aka zuba ne, ba na abin da aka cire maka ba. Ana cire maka kashi 8 kamfani ya ɗora kashi 10, doka ta ce a tura cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, to akwai masu cirewa ba sa turawa, sai ranar da kake buƙata ka je ka tarar da asusu kamar rijiyar rani. In wata biyu uku suka wuce ba ka ga alat daga kamfanin fanshonka ba, je ka nemi bayanin asusunka, in abin ya ƙi akwai PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa.

Ka nemi takardar sharuɗɗan aiki, haƙƙinka ne a ba ka cikin wata 3 da fara aiki. Duk abin da za ka sanar da kamfani ka rubuta, ka yi hoton kwafi a sa maka hatimi a naka. Sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a NIN da banki da fansho, Muhammad a nan Mohammed a can ya isa ya tsayar da fayil wata da watanni. Kar ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba. In rigima ta kai ga shari'a kotun ma'aikata ta ƙasa ce wurinta.

Sai kuma magidanta, don Allah ku gaya wa matanku sunan kamfanin fanshonku da lambar asusun, ku kuma sabunta sunan magaji in kun yi aure. Dokar fanshon ta wajabta wa kamfani ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza albashinsa na shekara sau 3 ba, in ya rasu yana bakin aiki na iyalinsa ne. Na sha ganin mace ta fita takaba ta zo ofis da goyo, a ba ta kuɗin mota da buhun shinkafa ta tafi tana godiya, ba ta san akwai wannan ba, kuma babu wanda zai gaya mata in ba ta tambaya ba.